Babi na Shida: Kalmomin Bala'in Ƙasa da na Sama

Darasi na 1: Jan layi

Ku buɗe sabon shafi, ku ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. A dama ku rubuta DAGA ƘASA, a hagu ku rubuta DAGA SAMA. Kada ku manta da lanƙwasar da ke kan Ƙ. Duk kalmar da za mu koya a wannan babi, a ɗaya daga cikin gidajen nan biyu za ta zauna. Wanda layinsa ya karkace kada ya damu, hannu ne bai saba ba tukuna.

Darasi na 2: Girgizar ƙasa

Ƙasar nan da muke takawa ba dunƙule take guda ba. Ɓawonta manyan ɓangarori ne na dutse, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke. Ɓangarorin suna motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. A bakin ɗinkin sukan maƙale da juna shekara da shekaru, ranar da suka kuɓuce sai ƙasa ta kaɗa. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Ku rubuta ta a dama. Wurin da ke daidai saman inda abin ya faro shi ake kira cibiyar girgiza. Bayan babbar, ƙanana sukan biyo baya, har na tsawon kwanaki ko makonni, don haka ba a gaggawar komawa cikin ginin da ya tsage.

Mu nan muna nesa da bakin ɗinkin, shi ya sa ba mu saba da ita ba. Amma mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa ta motsa a watan Satumba na 2018.

Darasi na 3: Lamba mai ɗigo

A nan kowane aji yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Idan rediyo ya ba da labarin girgiza, za ku ji an ce "mai ƙarfin maki kaza". Ku rubuta wannan: 7.8. Bakwai, sai ɗigo, sai takwas. Ku ɗora yatsa a kan ɗigon. Ana karantawa: bakwai da ɗigo takwas. Ba saba'in da takwas ba ne. Ba a taɓa auna girgizar da ta kai maki 10 ba ma, balle saba'in. Ku sake faɗa da ƙarfi: bakwai da ɗigo takwas. Madalla.

Wannan ita ce girgizar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ta kashe fiye da mutum 50,000. Yanzu ku rubuta 6.8 a ƙarƙashinta, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. Shida da ɗigo takwas. Ita ce ta Maroko, a watan Satumba na 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000.

Za ku ce ai maki ɗaya ne kawai tsakaninsu. Haka ne a rubuce, amma a wannan ma'auni ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Saboda haka idan kun jefar da ɗigo, ko kun sauya lambar da ke gabansa, kun ba da wani labari dabam.

Ku sake rubutawa: 7.8. Ina ɗigon? Na zagaya aji na ga wasu sun yi waƙafi, wasu sun ɗaga ɗigon sama ya koma kamar wasali, wasu kuwa sun haɗiye shi gaba ɗaya. Ɗigo a kan layi yake zama, a ƙasa, tsakanin lambobin biyu. Ku danna fensir sau ɗaya ku ɗaga. Haba jama'a, ku da kuke ƙirga kuɗin kasuwa da ka ba ku ɓatar da ko naira, ɗigo ɗaya ne zai gagare ku? Rashin maimaitawa a gida ne, ba wani abu ba. Wanda bai cika layi biyar ba kada ya juya shafi.

Na ƙarshe: 7.0. Bakwai da ɗigo sifili, wato bakwai cif, ba saba'in ba. Ita ce ta Haiti a 2010. Lambarta ba ta kai ta Turkiyya ba, amma ta kashe fiye da mutum 100,000, domin ta faɗa kusa da babban birni mai cunkoso da gine-gine marasa ƙwari.

Darasi na 4: Aman wuta da tsunami

Dutse mai aman wuta shi ne wanda narkakken dutse da toka ke fitowa ta bakinsa. Dutsen Kamaru ya yi aman a 1999 da 2000. A Kamarun dai, a 1986, iskar gas ta taso daga tafkin Nyos, wanda ke cikin tsohon bakin irin wannan dutse, ta shaƙe fiye da mutum 1,700.

Tsunami igiyar ruwa ce da girgiza a ƙarƙashin teku ke turowa kan tudu, kamar ta Disamban 2004 a Tekun Indiya. Ruwa ne, amma daga ƙasa ya samo asali. A dama za ku sa ta.

Darasi na 5: Ambaliya da fari

Waɗannan kun fi ni saninsu. Ambaliya ruwa ne ya fi ƙarfin hanyarsa, kamar yadda madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024. Fari kuwa ɗaukewar ruwan sama ne na dogon lokaci, irin na 1973 da 1984. Duka biyun a hagu.

Darasi na 6: Guguwa

Mahaukaciyar guguwa a kan teku mai ɗumi take haɗuwa. Hagu.

Aikin gida: ku kwafe kalmomin, ku rubuta 7.8 layi biyar.