Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da robar tsakiyar mota

Na daɗe ina aikin wayarin mota a garejinmu da ke bakin hanyar Gumel, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yara masu koyo suke kwance robar da ke tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba cikin natsuwa, amma da an zo mayarwa sai su shiga gaggawa kamar ana korarsu.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne cakuɗa sukurori. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma a ƙarƙashin robar nan akwai damin wayoyi da ke bi ta gefen giya. Wata shekara wani ɗan kasuwa mai zuwa Maigatari ya kawo mini Corolla don a gyara masa soket ɗin caji. Muka zuba sukurorin duka a gwangwani ɗaya, aka ɗaura dogo a gurbin gajere, bakinsa ya huda rigar waya ya taɓa ƙarfe. Fis mai lamba 15, wato abin da ke katse wuta idan ta yi yawa, ya riƙa ƙonewa, wani a hanya ya naɗa masa zaren waya a madadin fis ɗin, wayoyin suka narke har ƙaurinsu ya cika motar. Da kuɗin aljihuna na je Ƙofar Ruwa a Kano na sayo wasu, mutumin kuma bai sake taka garejina ba. Tun daga ranar nake soke kowane sukuru a jikin kwali daidai da matsayinsa a mota, kuma yaron da ya zuba su wuri guda sai ya sake aikin daga farko.

Kuskure na biyu shi ne dukan robar da tafin hannu. Robar da ta sha ranar bazara shekara goma ta riga ta bushe, da sanyin safiyar hunturu kuma karyewa take kamar busasshen kara. Idan ta ƙi shiga, to akwai dalili: ko wani kilif, wato ɗan abin da ke riƙe robar a jikin mota, ya maƙale a raminsa maimakon ya biyo robar, ko harshen da ke gaban robar bai shiga gurbinsa ba. Ni nakan zare kilif ɗin in mayar da shi jikin robar, in bar motar ta ɗan sha hantsi, sannan in danna da babban yatsa har in ji ƙas. Wanda ya karya kunnen roba ya liƙe da sufa gulu ya cuci mai mota, domin hanyar burji ɗaya za ta ɓalle shi, ƙarar kuma ta dawo.

A motoci da yawa na'urar da ke sarrafa jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari, tana ƙarƙashin wannan robar, soket ɗinta ruwan ɗorawa ne. A cire kan batir na nagetif, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa shi.

Kafin a rufe, a jona kowane soket, a mayar da kan batir a gwada caji da fitilar giya. A ja birkin hannu sama, a sa dutse a bayan taya, sannan a kai giya tsakiya don robar ta sami hanyar wucewa. Fatar giya kuma a duba kada bakin roba ya danne ta.