Yadda barade ke afka wa abokan gaba a zamanin da

Da farko duba ƙasar. Doki fili yake so, banda fadama ko sarƙaƙiya. Jera 'yan lifida a gaba, dokin da mahayinsa duk cikin lifidi mai cushen auduga, don kibiya ta maƙale. Amma kayan da nauyi, kada ka saki linzami tun daga nesa, dawakin za su sare. A taka sannu, gwiwa da gwiwa, sai an matso a zuba ƙaimi, mashi a gaba. In sahun abokan gaba ya fashe, masu sauƙin kaya su bi 'yan gudu da takobi.

In kuwa 'yan bakan abokan gaba suka dake, ni dai shawarata ka janye. A yaƙin Tafkin Kwatto, 1804, 'yan bakan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo su suka karya dawakin Yunfa, Sarkin Gobir.