Miji ya tsere, marubuci na ba da dariya: yadda ake tace ra'ayin masu karatu kafin a sayi littafin

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da marubutan jihohin kudancin ƙasar Amurka suka ƙware a kai, kuma ni ina cikin masu bin sa. Ƙaramin gari a Jojiya ko Alabama ko Misisipi, mace ta kwashe shekaru a gidan aure, wata safiya ta wayi gari maigida ya kwashe kayansa ya bi wata, ko ya shiga duniya ba ko sallama. Maimakon marubuci ya sa ka kuka, sai ya sa ka dariya har da riƙe ciki. To amma idan ka leƙa Goodreads ko Amazon, shafukan intanet da masu karatu ke ba littafi maki da taurari, don ka ji abin da waɗanda suka riga ka karantawa suka ce, kanka ne zai ɗaure. Wannan ta ba da tauraro biyar ta ce rabon da ta yi dariya haka an daɗe. Waccan ta ba da ɗaya ta ce ba ta ga abin dariya a gidan da ya rushe ba. Littafi ɗaya suke magana a kai, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Abin da na fahimta shi ne, a wannan nau'in, taurarin ba ingancin rubutu suke aunawa ba. Abin da suke nunawa shi ne ko mai karatu ya yarda a yi raha da irin wannan ciwon, da kuma ko matar ta yi abin da shi yake so ta yi a ƙarshe. Don haka sai an tace.

Fara da kawar da ido daga jimillar makin da ke saman shafi. Shafukan biyu ma ba ma'auni ɗaya suka koya wa mutanensu ba. Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma Amazon ta saye shi a 2013, ya daɗe yana fassara tauraro biyu da cewa littafin ba laifi, uku kuma ya yi daɗi. A Amazon kuwa uku ne ke nufin ba yabo ba fallasa. Tsohon mai amfani da Goodreads da ya ba da uku, yabo ya yi. A Amazon kuma za ka tarar da wanda ya ba da tauraro ɗaya saboda littafin ya iso da bango a yage, abin da bai shafi marubuci ba ko kaɗan. Waɗannan ka tsallake su.

Daga nan ka nufi masu tauraro ɗaya da biyu, ka karanta da niyyar gano abin da ya ɓata wa kowa rai, don ba abu ɗaya ba ne.

Akwai waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Za ka gane su tun a layin farko, domin kafin su ambaci littafin sun ambaci nasu mijin, ko uban da ya fita bai dawo ba. Ra'ayinsu abin girmamawa ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma labarin rayuwarsu suke ba ka fiye da na littafin. Amfaninsu a gare ka ɗaya ne: idan kai ma ko wanda za ka ba littafin yana cikin wannan halin, ka ji gargaɗinsu. Wani abin mamaki, cikin masu tauraro biyar ma akwai irinsu, matan da aka bari da suka ce dariyar ce ta fara sauke musu nauyin ƙirji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai waɗanda suka shigo da tsammanin labarin soyayya, suna jiran wani kyakkyawan bazawari ya bayyana a babi na uku, suka tashi a tutar babu. Laifin mai zanen bango ne. Akwai kuma masu ƙorafin ashar da batsa, ko yadda aka yi wa fasto da matan coci shaƙiyanci. Wannan ƙorafin ka ɗauke shi da muhimmanci idan kai ma ba ka son irin wannan harshen, don su ne kaɗai za su gaya maka gaskiyar yawansa.

Waɗanda na fi tsayawa a kansu su ne 'yan yankin da kansu, masu cewa marubucin ya mayar da su abin wasa. A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Barkwancin Kudu yana da kayan aikinsa da kowa ke ɗauka: surukar da ba ta raina abin magana, shagon gyaran gashi inda labari ke riga mai shi isa, shayi mai sanyi da aka cika wa sukari, zaman baranda da yamma, da cocin Baptist wanda a garuruwa da yawa shi ne cibiyar komai. Ba banza ba, babbar ƙungiyar cocin Baptist ta Kudu, wadda aka kafa a Augusta ta Jojiya a 1845, ita ce ƙungiyar Furotesta mafi girma a Amurka. Marubucin da bai san wurin ba yakan zuba waɗannan duka a shafi goma na farko, kowa na magana da karin harshe mai kauri, kowa wawa. Wanda ya san wurin kuwa abu ɗaya zai ɗauka ya juya shi. A ce miji ya gudu ranar Talata. Kafin la'asar matan coci sun fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwanon gasasshen abinci an rufe da takardar gwangwani, irin wanda a can ake kai wa gidan da aka yi rasuwa. Babu wadda ta ambaci sunan mijin. Kowace na cewa tana sa ta a addu'a, idonta kuwa na kan maratayin riguna don ta ga ko ya tafi da ta sanyinsa, wato ko tafiyar mai nisa ce. Matar gida na tsaye tana godiya, firji ya cika har ba ya rufuwa, ga mamacin da ake wa zaman makoki yana can a raye a otal ɗin bakin hanya. Wannan ita ce dariyar da nake nema: ladabi a baki, gulma a ido, kuma kulawar ta gaske ce duk da gulmar. Idan 'yar Tenesi, ɗaya daga jihohin yankin, ta rubuta cewa ta ga gwaggonta a cikin littafin, wannan ya fi mini tauraro ɗari. Idan 'yan yankin uku ko huɗu suka ce babu mai magana haka a garinsu, sai in ajiye.

A cikin wannan rukunin ka nemi abin da aka ce game da baƙaƙen fata na labarin. Kudu yanki ne da tarihin bauta da wariyar launin fata ya ratsa, kuma littattafan barkwanci da yawa suna kauce wa zancen ta hanyar ajiye baƙar mace guda ɗaya, mai aikin gida ko ƙawa mai hikima, wadda ba ta da wata damuwa a duniya sai ta lallashi jarumar. Masu karatun da suka lura da wannan sukan faɗa a fili, kuma yawanci suna da gaskiya.

Sai ƙorafin da ya fi kowanne yawa, wanda kuma ya fi buƙatar a yi masa bincike: me ya sa ba ta kashe auren ta huta ba? Mai wannan tambayar sau da yawa bai duba shekarar da aka gina labarin a kai ba, bai kuma duba jihar ba. A Amurka kowace jiha da dokar aurenta, kuma kotu ce ke raba aure. Namiji ba ya ƙara mata alhali igiyar farko na nan, shi ya sa mai son wata sai ya fice, ita kuma ta gida ta zauna a tsaka mai wuya, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Kalifoniya ce ta fara dokar rabuwa ba tare da ɗora wa wani laifi ba, an sa mata hannu a 1969. Jihohin Kudu kuwa kowace da nata taku. Tsarin mulkin Karolina ta Kudu na 1895 ya haramta saki gaba ɗaya, sai a 1949 aka gyara, kuma har yanzu mai son rabuwa ba tare da kafa laifi ba sai sun yi shekara guda ba sa zaune tare. A Misisipi rabuwa saboda rashin jituwa sai ɓangarorin biyu sun amince, idan kuma gudun miji za ta kafa hujja da shi, sai ya cika shekara. Ga batun kuɗi: sai a 1974 dokar tarayya ta hana bankuna nuna wa mace bambanci wajen ba da bashi saboda jinsinta ko matsayin aurenta. Jarumar da aka bari a shekarun 1960 da yara uku da bashin gida, ba sakarci ne ya zaunar da ita ba.

Haka ma wanda ya rubuta cewa labarin ya wuce hankali saboda matar ta maka budurwar mijin a kotu tana neman diyya. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Karolina ta Arewa da Misisipi suna cikin 'yan tsirarun jihohin da har yanzu doka ta yarda a kai ƙarar wanda ya raba ka da soyayyar abokin aurenka. Luwiziyana kuma tun 1997 tana da wani nau'in aure na alkawari da ma'aurata ke zaɓa da kansu, wanda warware shi ya fi na kullum wuya. Marubutan yankin sun san waɗannan, suna kuma wasa da su. Mai sharhi daga wata jiha ko wata ƙasa ba lallai ya sani ba.

Bayan wannan ka koma kan masu tauraro uku. A nan masu natsuwa suke taruwa, kuma a nan za ka ji aibin da ya fi damun wannan nau'in, wato tsakiyar littafi. Buɗewa da gudun miji abu ne mai sauƙi, dariya na zuwa da kanta. Riƙe ta har shafi na ɗari biyu shi ne aiki. Idan mutum biyu ko uku da ba su san juna ba suka ce labarin ya yi sanyi bayan kashi ɗaya cikin uku, ko kuma marubucin ya fara jefo sababbin mahaukata don ya cike gurbi, ka yarda da su.

Masu tauraro biyar kuwa, gwajinsu ɗaya ne a wurina: ya ambaci wani wuri takamaimai? Wanda ya ce littafin ya yi daɗi matuƙa, kowa ya karanta, bai gaya maka komai ba. Wanda ya ce wurin da ta sayar da kwale-kwalen kamun kifinsa a farashin banza ne ya kashe shi da dariya, ya ba ka abin aunawa, domin daga nan za ka gane wa ake yi wa dariya. Wannan tambayar ita ce ginshiƙin abin a gare ni. Idan dariyar na kan mijin da ya tsufa bai san ya tsufa ba, da garin da ke munafunci, da ita matar a lokutan da take yaudarar kanta da idonta biyu, littafin zai yi. Idan kuwa ƙibarta da kukanta da rashin wayonta ne abin nishaɗin daga farko har ƙarshe, wannan dariyar ƙeta ce, ni ba na saye. Ka kuma duba kwanan wata. Ra'ayoyin da suka fito kafin littafi ya shiga kasuwa galibi na waɗanda aka ba kwafi kyauta ne, kuma ƙa'idar Amurka ta ce su bayyana haka. Ba ina cewa ƙarya suke ba, amma wanda ya cire kuɗinsa wata shida bayan fitowa ya fi sakin baki.

Batun ƙarshen labari sai an yi hattara, don a kansa ake mafi yawan faɗa. Miji kusan kullum yana dawowa, a rame, da jakarsa, kuɗi sun ƙare. Ta karɓe shi ko ta rufe ƙofa? Rabin masu sharhi za su fusata ko wanne ta yi. Goodreads na ba mai rubutu damar ɓoye sharhin da ya tona ƙarshe, sai ka danna kafin ya buɗe. Ni ba na dannawa. Abin da nake nema shi ne ko masu fushin suna cewa ƙarshen bai yi musu daɗi ba, ko suna cewa bai dace da matar da suka bi tun shafin farko ba. Na farko son rai ne, na biyu aibi ne na rubutu.

Duk wannan tacewar ba ta kai shafi goma da ka karanta da idonka ba, gani ya kori ji. Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, na ba da farkon littafi kyauta. Yawancin waɗannan labaran da bakin matar ake ba da su, don haka muryarta ce jarin littafin gaba ɗaya. Karanta sakin layi biyu a bayyane. Idan ka ji kamar wata ce zaune a gabanka tana ba ka labari tana katse kanta da kanta, ka samu. Idan bugun sauti, wato na saurare, za ka saya, saurari samfurin tukuna, don mai karatun da ke ƙaƙalo karin harshen Kudu da ƙarfi yana iya lalata littafi mai kyau, kuma taurarin da ke ƙarƙashin bugun sauti sau da yawa shi ake ba, ba marubucin ba.

Idan ka gama kuma za ka rubuta naka ra'ayin, faɗi shekarar da jihar da labarin ya faru, ambaci wuri ɗaya da ya ba ka dariya da wuri ɗaya da ka ji ya ja, ka faɗi ko akwai ashar, sannan ka ɓoye duk abin da ya shafi dawowar mijin.