Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa gudun na'ura tsakanin barci da farkawa a Linux

A Linux, cpufreq ne ke kula da gudun CPU. Sauran sassa, irin su GPU da hanyar da bayanai ke bi zuwa RAM, suna hannun devfreq, wanda ya shigo kanel, wato zuciyar Linux, tun siga ta 3.2. Wani ɓangaren manhaja da ake kira gwamna (governor) shi ne ke duba nauyin aikin da ke kan na'urar, ya ɗaga gudu ko ya sauke. Gwamnan simple_ondemand, alal misali, da zarar aiki ya haura kashi 90 cikin ɗari sai ya kai gudu ƙurewa. Ana zaune lafiya har sai waya ko kwamfuta ta yi barci ta farka.

Kuskuren da ya fi wahalar kamawa shi ne direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ya gaskata abin da ya tuna. A ce GPU na kan 800 MHz aka yi barci, aka yanke wa sashen wuta. Da aka farka, agogonsa, wato bugun da ke ƙayyade gudunsa, ya dawo kan 200 MHz da ya saba tashi da shi, amma a rubuce har yanzu 800 ne. Gwamna ya nemi 800, direba ya duba ya ga ai a nan ake, sai ya koma bai taɓa komai ba. Shi kansa dev_pm_opp_set_rate(), kiran da direba ke saita gudu da shi, yana da wannan yanke idan matakin da aka nema ya zo daidai da wanda ya sani. Allo ya riƙa jan ƙafa, kai kuma ka buɗe cur_freq a /sys/class/devfreq ka ga lamba mai kyau, domin idan direba bai bayar da get_cur_freq ba, wato hanyar tambayarsa gudun yanzu, tsohuwar lambar ake nuna maka. Ko clk_get_rate() ma daga ajiya yake amsawa, sai fa agogon na ɗauke da alamar CLK_GET_RATE_NOCACHE. Gyaran: direban agogo ya adana rajistocinsa, wato wuraren da ake rubuta saiti a cikin guntu, kafin barci ya mayar da su bayan farkawa, ko kuma a tilasta sake saita gudu ba tare da bin yanken ba.

Juyin wannan ya fi haɗari, wato agogo ya dawo da sauri alhali ƙarfin wuta na ƙasa. Ƙa'idar ba ta canzawa: za a hau, wuta ce kan gaba, za a sauka, agogo ne kan gaba. Shi ya sa a teburin OPP, wato jerin matakan gudu da ƙarfin wutar kowanne, ake sa alamar opp-suspend a kan mataki ɗaya wanda na'urar za ta iya kwana ta tashi a kansa, sai devfreq ya koma can kafin barci. Sai dai a lura da lokaci. Sau da yawa guntun da ke raba wuta ta I2C, wato layin sadarwa tsakanin guntaye, ake yi masa magana, kuma idan I2C ta riga ka kwanciya, umarninka ba inda zai je.

Sai masu barin gwamna yana ta leƙe bayan an kashe na'ura. Duk bayan tazarar da aka saita a polling_ms zai zo karanta rajista, kuma a kan CPU irin na ARM taɓa rajistar sashen da ba wuta na iya sandarar da tsarin gaba ɗaya. Tun siga ta 5.0 kanel na kiran devfreq_suspend() da kansa idan duk tsarin zai kwanta, amma gyangyaɗin da na'ura ɗaya ke yi ita kaɗai aikin direba ne: devfreq_suspend_device() kafin a kashe agogo, devfreq_resume_device() bayan an kunna. Kiran biyu ƙirga su ake yi a suspend_count. Idan wata hanyar kuskure ta tsallake na biyun, gwamna ba zai sake motsi ba, gudu ya maƙale wuri ɗaya, dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, kuma shiru. Kada kuma ka yi kiran kana riƙe da makullin da target(), kiran direba mai canza gudu, ke buƙata, don zai tsaya jiran aikin da shi ma kai yake jira.

Ƙaramin abu da ake mantawa: busy_time da total_time, wato lokacin da na'ura ta yi tana aiki da jimillar lokacin da aka auna, waɗanda gwamna ke lissafi da su. A share su a lokacin farkawa, in ba haka ba lissafin farko shirme ne.

Gwaji ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Matakan /sys/power/pm_test suna da amfani wajen gano direban da ya maƙale, amma ba sa shiga ainihin barcin, saboda haka matsalar agogon da ya koma 200 MHz tana iya ɓuya. Duba /sys/power/mem_sleep ka san ko s2idle (barci mara nauyi) kake yi ko deep (barci mai nauyi), don ba ɗaya suke yanke wuta ba. Sannan ka sa umarnin rtcwake ya yi ta kwantar da injin yana tashinsa, wani zagayen GPU na hutawa, wani kuma tana tsakiyar aiki, kana kwatanta trans_stat, fayil ɗin da ke ƙirga sauye-sauyen gudu, da ainihin saurin da aikin ke fita.