Kurakuran da ke tona asirin majinyata a asibitocinmu

Idan ana maganar kare bayanan marasa lafiya, hankali kan tafi ga masu kutsen kwamfuta. Amma a asibitocinmu, asiri kan fita ta hannun ma'aikatan da ba su nufi kowa da sharri ba.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne miƙa fayil ga mai jinya, wato ɗan uwan da ke kula da majinyaci. Likita ya gama duba mace, sai ya ce wa ƙanen mijinta, "Malam, kai wannan ɗakin gwaji." Kafin ya isa ya buɗe ya leƙa, in bai gane rubutun ba ya nemi wani a kan layi ya karanta masa. Idan matar na ɗauke da ƙwayar HIV, ko tana da cikin da ba ta faɗa wa kowa ba, labari ya riga ta isa gida. Gyaran ba ya cin kuɗi: fayil ya bi hannun masinjan asibiti, mai jinya kuma a ba shi takardar neman gwaji kawai. Kada kuma a rubuta sunan cuta a bangon fayil.

Sai 'yan uwa masu tambaya. A nan kunya ke kayar da ma'aikaci, domin da wuya nas ta dubi dattijuwa ta ce, "Hajiya, ba zan iya faɗa miki ba." To, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ya hana bayyana bayanan majinyaci sai ya amince a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko kuma ɓoyewar na babbar barazana ga lafiyar jama'a. Iyayen ƙaramin yaro da waliyyin wanda ba ya cikin hayyacinsa suna da hurumi. Zaman miji ko suruka kaɗai bai isa ba. Tun ranar yankan kati a tambayi majinyaci wa ya yarda a sanar, a rubuta.

WhatsApp ma ya zama ƙofa. A ɗauki hoton sakamako a tura zauren abokan aiki don neman shawara, suna da lambar kati duk a fili, daga nan hoton ya zauna a wayoyi ashirin. A rufe sunan kafin a ɗauka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Inda aka koma kwamfuta, za ka tarar da sashe guda na amfani da kalmar sirri ɗaya, an ma manna ta a jikin allo. Ranar da abu ya fita, wa za a tuhuma? Kowa ya riƙe tasa, ya fita daga shafin kafin ya tashi.

Tsofaffin takardu kuwa, in an zuba su a shara, ƙarshensu teburin mai ƙosai ko mai gyaɗa. Waɗanda wa'adin ajiyarsu ya cika a ƙona su ko a daddatse da inji, a gaban jami'in ɗakin kati, ya sa hannu.