Yadda Ɗalibi Zai Yi Aiki da Ra'in Labari a Bidiyon Waƙar da Ya Shirya

A Ingila, ɗaliban da ke karatun kafofin yaɗa labarai a ƙarshen sakandare sukan shirya bidiyon waƙa a matsayin aikin jarrabawa, sannan su bayyana a rubuce dalilin abin da suka yi. Makamancin wannan aiki kan faɗo wa masu karatun aikin jarida ko wasan kwaikwayo a manyan makarantunmu. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a gama ɗaukar hoto tukuna, a haɗa shi, sannan a shiga lalube a littafi domin a samo sunan wani masani a liƙa wa aikin. Malamin da ya san abin da yake yi yana gane wannan tun daga shafin farko. Ra'i, wato bayanin da masana suka yi a kan yadda ake gina labari, kayan aiki ne, kuma lokacin ɗaukarsa shi ne kafin a kunna kyamara.

Da farko a saurari waƙar har sai ta zauna a kai, a rubuta baitocinta, a kuma sa alama a kan daƙiƙar da kowane baiti da kowane amshi ya fara. Waƙa mai minti uku da rabi daƙiƙa 210 ce, don haka idan kowace ɗauka, wato guntun hoton da ake gani kafin a sauya zuwa wani, za ta ci daƙiƙa uku, ɗauka 70 kacal ake da ita, kuma kaso mai yawa daga ciki zai tafi ga fuskar mawaƙin yana bin waƙar da baki. Wannan lissafi shi ne zai hana ɗalibi ɗauko labarin da fim mai awa biyu ne kawai zai iya ɗauke shi.

Bari mu riƙe misali guda har ƙarshe. A ce waƙar tana magana ne a kan cika alkawari, ɗalibin kuma ya zaɓi labarin wani matashin tela da ya yi wa wata yarinya alkawarin kayan Sallah, sai wuta ta ɗauke a daren jajibere.

Ra'in Tzvetan Todorov, ɗan Bulgeriya da ya yi rayuwarsa a Faransa, wanda ya raɗa wa fannin nazarin labari suna a 1969, shi ya fi dacewa a fara da shi. A wurinsa labari yana tashi ne daga zaman daidaito, sai wani abu ya dagula shi, sai a gane an dagule, sai a yi ƙoƙarin gyara, daga nan a kai ga sabon daidaito wanda ba daidai yake da na farko ba. A ɗora waɗannan matakai biyar a kan jadawalin daƙiƙoƙin nan. Zaman daidaito ya samu gabatarwar kiɗa kafin murya ta shigo: shago cike da yadi, fanka tana juyawa, keken ɗinki yana gudu. Dagulewar ta zo a ƙarshen baitin farko, kuma ba a bukatar a nuna unguwa duka cikin duhu, domin ya isa a nuna allura ta tsaya a tsakiyar ɗinki, zare a miƙe, fukafukan fanka suna rage gudu har su tsaya. A mataki na ƙarshe ɗalibai suka fi yin sakaci, inda sukan mayar da kome yadda yake a farko. Ya kamata wani abu ya canja, ko da kuwa abin da za a gani shi ne telan ya ajiye tsohon keke na ƙafa a gefen na lantarki, alamar ba zai sake dogara da abu guda ba.

A nan ne kuma bidiyon waƙa ke rabuwa da fim, kuma ɗalibin da ya gane haka ya fi takwarorinsa abin faɗa. Labari gaba yake so ya yi, waƙa kuwa komawa baya take yi, domin amshi yana dawowa sau uku ko huɗu da kalmomi iri ɗaya. Idan aka bar labarin yana gudu a kan amshi kamar babu shi, kunne da ido za su rabu. Mafita ita ce a ba amshin hoto nasa da zai riƙa dawowa, amma da ɗan sauyi a kowane zuwa. A amshin farko a nuna rigar a yanke a kan tebur, a na biyu a nuna ta da hannu ɗaya a ƙarƙashin hasken cocilan, a na uku a nuna ta a rataye an goge. Ta haka maimaicin ya koma ma'aunin tafiyar labari.

Vladimir Propp, masanin Rasha da ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsa guda 100 ya fitar da littafinsa a 1928, ya gano ayyuka 31 da ke maimaituwa da kuma gurabe bakwai na 'yan wasa, ciki har da jarumi, da mugu, da mai ba da kayan taimako, da mai rakiya. Wanda ya taso yana jin tatsuniya a gindin kaka ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san tsohuwar da ake tararwa a bakin rafi, wadda takan ba yarinya mai ladabi abin da zai fitar da ita. A bidiyonmu tsohon maigidan telan, wanda ya ara masa keke na ƙafa da tsakar dare, shi ke cike wannan gurbi. Sai dai kada a tilasta wa minti uku ɗaukar gurabe bakwai. Mugu a nan ba mutum ba ne, duhu ne da agogo, kuma faɗin haka ƙarara a rubutun ya fi a ƙirƙiro wani azzalumi don kawai a cika lissafin Propp.

Ra'in masanin Faransa Claude Lévi-Strauss na kishiyoyi biyu, wato abubuwa biyu masu saɓa wa juna, ba ya bukatar dogon bayani. Haske da duhu, sabon keke da tsohon, matashi da dattijo, su ne za su jagoranci zaɓen launi da tufafi. Daga Roland Barthes, shi ma masanin Faransa, wanda ya kawo hanyoyi biyar na karanta labari a 1970, a ɗauki ta ɓoye sirri kawai: kada a nuna wadda ake yi wa ɗinkin sai a daƙiƙoƙin ƙarshe, a bar mai kallo da takardar awo mai ɗauke da suna da lambobi.

Wanda ya yi magana a kan bidiyon waƙa kai tsaye shi ne Andrew Goodwin a littafinsa na 1992, inda ya nuna cewa hoto yana iya fassara kalmomin waƙa, ko ya faɗaɗa ma'anarsu, ko ya saɓa musu. A ganina fassara kai tsaye ita ce mafi rauni, wato mawaƙi ya ce zuciya a nuna hannu a ƙirji. Labarin telan faɗaɗawa ne, domin waƙar ba ta ambaci ɗinki ba ko sau ɗaya.

Idan aka zo rubuta bayani, kowace magana a ɗaure ta da daƙiƙa. A ce a daƙiƙa ta 42 allura ta tsaya, wannan ita ce dagulewar da Todorov yake nufi, kuma an ɗauke ta daga kusa domin ta faɗo daidai da bugun ganga na ƙarshen baiti. Kafin a miƙa aikin, a kashe sauti a nuna wa wani wanda bai san labarin ba, a tambaye shi abin da ya faru. Idan ya kasa faɗin inda matsalar ta soma, sai a koma kan kwamfuta a ƙara wa allurar nan daƙiƙa biyu.