Yadda Za Ka Gwada Ƙarfin Tsayuwarka a Gida

Da azumin bana mahaifina ya tashi alwalar asuba a cikin duhu, babu wuta, sai ya yi tangaɗi ya faɗi a bakin randa. Allah Ya kiyaye bai karye ba, amma tun ranar nake gwada tsayuwar duk wani dattijo a gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato.

Mutum ba ya tsayawa cak kamar turke. Jiki kullum yana ɗan layi gaba da baya. Nauyinsa ya taru a ƙasan cibiya, kuma ya ɗan rinjaya gaban idon sawu, shi ya sa naman sha-raɓa ke aiki ba hutu yana janyo shi baya. Ƙwaƙwalwa tana samun labari daga wuri uku: ido, tafin ƙafa da gaɓoɓi, sai can cikin kunne, inda wasu bututu 3 masu ruwa ke gane juyawar kai.

Da farko ka cire takalmi, ka tsaya kusa da bango, wani na gefenka. Haɗa ƙafafunka, ka yi daƙiƙa 30 ido buɗe. Ka saurari ƙafarka: za ka ji yatsu suna kama ƙasa, idon sawu yana gyara ka kaɗan-kaɗan.

Sai ka rufe ido. Layin zai ƙaru, wannan ba komai ba ne. Amma idan da rufe ido sai ka nemi faɗuwa, to ido ne ke ɗauke maka aikin da ƙafa ko kunne suka kasa. Likitoci na kiran wannan gwajin Romberg, sunan wani likitan Jamus. Masu ciwon suga su kula sosai, domin cutar tana kashe jijiyoyin tafin ƙafa a hankali. Abin da ya kayar da Baba ke nan: ƙafa ba ta ji, duhu kuma ya ɗauke ido.

Daga nan ka hau katifa ko tarin yashi ka maimaita, inda kunne zai ɗauki yawancin aikin idan ka rufe ido. Idon sawu ya gaza, ƙugu zai karɓa. Shi ma ya gaza, ƙafa za ta yi taku da kanta. Dubi ɗan kokawa a fage: buɗe ƙafa yake yi ya rage tsawo, don nauyinsa kada ya fita daga tsakanin sawayensa.

Motsa jikin da ke ƙarfafa tsayuwa kuwa mai sauƙi ne. Kullum ka tsaya da ƙafa ɗaya kana dafe da bango, ka yi ɗage sau 10, ka tashi daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba. A zafin Sakkwato ka sha ruwa, kuma kada ka miƙe zumbur daga kwance. Idan jiri ya ƙi tafiya, a tafi asibiti. Baba yanzu da tocila yake kwana a gefen matashi.